Shin Damuwa Tana Ciyar da Ciwon Daji?

Idan mace ta kamu da sankarar mama bayan mutuwar aure ko rasuwar ɗa, ba a rasa mai cewa tunani ne ya ja mata. Idan magidanci ya kwanta da dajin hanta bayan kasuwa ta karye masa, sai a ce baƙin ciki ne ya ci shi. Wannan zance ba namu ba ne mu kaɗai, kuma ba na jiya ba ne. Jalinus, shahararren likitan zamanin Rumawa da ya rayu a ƙarni na biyu, ana danganta masa ra'ayin cewa matan da baƙin rai ya yi wa yawa sun fi samun ƙari a nono. Abin da ya sauya a zamaninmu shi ne an wuce matakin zato. An san sinadaran da jiki ke zubarwa idan hankali ya tashi, an san inda suke sauka, an kuma gano cewa ƙwayoyin daji da yawa suna jin saƙonsu. Sai dai tambayar da mutane ke ɗauka guda ɗaya ce, tambayoyi biyu ne aka cakuɗa. Damuwa tana haifar da daji a jikin lafiyayye? Idan kuma dajin ya riga ya samu, damuwa tana taimaka masa ya girma ya bazu? Amsoshin sun sha bamban, kuma rashin rarrabe su ya jawo wa marasa lafiya zargin da bai dace da su ba.

Mu fara da abin da ke faruwa a jiki. Mutum ya taka maciji ko ya ji ƙarar bindiga, kafin ya gama gane abin da ya faru ƙwaƙwalwarsa ta riga ta ba da umarni ta hanyoyi biyu. Ɗaya nan take ce: jijiyoyin saƙo da suka ratsa zuciya, huhu, hanji, saifa, ɓargo da kaluluwa suna fesa sinadarin noradrenalin a daidai inda suka ƙare, wasu 'yan ƙullutai biyu da ke zaune a saman ƙoda kuma su zuba adrenalin cikin jini. Gaba ya faɗi, zuciya ta hau bugu, baki ya bushe, jini ya koma ga tsokar hannu da ƙafa. Walter Cannon na Jami'ar Harvard shi ya bayyana wannan a 1915, ya nuna shiri ne da jiki ke yi don faɗa ko gudu. Hanya ta biyu tana ɗaukar mintoci. Ƙwaƙwalwa ta aika wa wani ɗan ƙullutu da ke ƙarƙashinta, shi kuma ya aika wa ɓawon waɗancan ƙullutai na saman ƙoda, su saki kotisol. Aikin kotisol shi ne ya ƙara suga a jini, ya danne kumburi, ya lafar da garkuwar jiki har haɗari ya wuce. A jikin lafiyayye yana hawa da asuba, ya yi ta sauka har dare.

Duk wannan rahama ce. Matsala tana farawa ne idan abin tsoron ya ƙi tafiya: bashin da ba ranar biya, jinyar da ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, zaman gudun hijira, aure mai ƙuna. A 1936 Hans Selye, yana aiki a Montreal ta Kanada, ya lura cewa ɓerayen da aka wahalar, da sanyi ne ko da rauni ko da guba, duk alamunsu ɗaya ne: ƙullutan saman ƙodarsu sun kumbura, gaɓoɓin garkuwarsu sun motse, cikinsu ya yi gyambo.

Waɗannan sinadarai ba sa aiki sai inda ƙwayar halitta ta tanadar musu masauki. Raymond Ahlquist ya raba masaukan adrenalin gida biyu a 1948, alfa da beta. A farkon shekarun 1960 James Black ɗan Sikotlan ya ƙirƙiro furofranolol, maganin da ke toshe masaukin beta, wanda har yau ake ba masu ciwon zuciya da hawan jini, kuma wannan aiki na cikin abin da ya sa aka ba shi kyautar Nobel a 1988. Maganin nan ya zama babban ma'auni a hannun masu bincike. Duk laifin da ake zargin adrenalin da shi, sai a toshe masaukinsa a ga ko laifin zai tsaya.

Tambaya ta farko an yi mata aiki sosai, kuma amsar da ta fito ba ta goyi bayan zancen gari ba. Tsofaffin bincike da suka riƙa tambayar masu daji ko sun shiga wani tashin hankali kafin ciwon ya bayyana sun sha samun amsar e. Amma wannan tambaya tana da tarko. Wanda aka ce masa yana da daji zai kwana yana lissafin rayuwarsa, yana neman mafarin abin, zai tuno kowace rasuwa da kowane ɓacin rai. Lafiyayyen da aka kwatanta shi da shi kuwa ya sha irin nasa, amma ba abin da ya sa shi tono. Hanyar da ta fi adalci ita ce a tambayi dubban lafiyayyu halin da suke ciki yau, a rubuta, a bi su shekaru a ga wa ya kamu.

An yi haka sau da dama. A 2013 an haɗa bayanan ma'aikata sama da 116,000 daga ƙasashen Turai shida, waɗanda aka bi kimanin shekara 12. Fiye da 5,700 sun kamu da daji, amma matsin wurin aiki bai ƙara haɗarin dajin mama, huhu, hanji ko na furostet ba. A Birtaniya an bi mata 106,000, kuma rahoton 2016 bai ga wata tsayayyar alaƙa tsakanin yawan damuwa da sankarar mama ba. A Denmak an duba iyaye sama da 21,000 da suka rasa ɗa ko 'ya, wanda da wuya a sami baƙin cikin da ya fi shi. Ɗan ƙarin da aka gani a wurin iyaye mata ya karkata ne ga nau'in dajin da taba ke kawowa. A 2023 wani babban aiki ya tattaro mutane sama da 300,000 daga rukunai 18, ya ga cewa ciwon damuwa da fargaba ba su ƙara haɗarin yawancin nau'o'in daji ba, in ban da na huhu da 'yan'uwansa, kuma shi ma alaƙar ta ragu ƙwarai da aka yi la'akari da shan taba. Wato idan damuwa tana da hannu a nan, hannunta na bayan fage ne: tana tura mutum ga sigari, giya, rashin barci da sakaci da asibiti.

Akwai wani tarihi da ya kamata mai karatu ya sani, domin yana bayyana dalilin da ya sa ra'ayin ya yi ƙarfi fiye da hujjarsa. Takardun cikin gida na kamfanonin taba, da suka fito fili bayan shari'o'in Amurka, sun nuna cewa kamfanonin sun ba Selye kuɗin bincike, sun kuma ba Hans Eysenck, masanin halayyar ɗan'adam da ya yi ta da'awar cewa akwai wani irin hali na mutum da ke jawo daji fiye da yadda taba ke yi. A 2019 kwalejin King's ta Landan, inda cibiyar da Eysenck ya yi aiki take, ta bincika ta bayyana cewa 26 daga takardunsa ba abin dogaro ba ne. Duk wanda ke sayar da taba yana da riba idan jama'a suka yarda cewa zuciyarsu ce ke kashe su.

Tambaya ta biyu kuwa labarinta daban ne, kuma nan ne abin ya fi ban mamaki.

A 1975 Vernon Riley, a birnin Seattle, ya ɗauki ɓerayen da aka haifa ɗauke da ƙwayar cutar da ke sa musu dajin nono. Wasu ya bar su cikin hayaniya da yawan taɓawa na ɗakin gwaji, wasu ya keɓe su a wuri mai natsuwa. Bayan kwana 400, kashi 92 cikin 100 na waɗanda ke cikin hayaniya sun fito da ƙari, na wurin natsuwa kuwa kashi 7 kacal. A lura: ƙwayar cutar tana jikinsu duka, abin da damuwa ta yi shi ne gaggauta fitowar abin da ke ɓoye. A 1982 Madelon Visintainer da abokan aikinta a Jami'ar Pennsylvania suka dasa wa ɓeraye ƙwayoyin daji, suka riƙa jona musu lantarki kaɗan. Waɗanda aka ba damar danna wani abu su tsayar da azabar, kashi 63 jikinsu ya kashe dajin. Waɗanda suka sha azaba daidai da ta waɗancan amma ba su da yadda za su yi, kashi 27 ne kawai. Zafin ɗaya ne. Bambancin shi ne rashin mafita.

Ta yaya haka ke faruwa? Bayanin farko da aka kawo shi ne raunin garkuwa. Shamgar Ben-Eliyahu, wanda yanzu yake Jami'ar Tel Aviv, ya nuna tun shekarun 1990 cewa adrenalin yana kashe kuzarin wasu fararen ƙwayoyin jini da ake kira NK, waɗanda aikinsu shi ne farautar ƙwayar dajin da ta kuɓuce cikin jini, kuma ɓerayen da aka wahalar suna samun ƙarin tsiro a huhu. Wannan gaskiya ne, amma rabin labari ne. A 2006 ƙungiyar Anil Sood ta cibiyar MD Anderson da ke Houston ta wallafa a mujallar Nature Medicine cewa ƙwayoyin dajin gidan ƙwan mace suna da nasu masaukin beta. An riƙa tsare ɓeraye a matsatsen bututu na wasu sa'o'i kowace rana. Ƙarinsu ya fi girma, ya kuma cika da sabbin jijiyoyin jini, domin noradrenalin yana sa ƙwayar dajin ta ƙara fitar da VEGF, sinadarin da ke kiran jijiyoyin jini su tsiro su kawo mata abinci. Ƙari ba ya iya wuce 'yan milimitoci idan ba shi da nasa hanyoyin jini. Da aka ba ɓerayen furofranolol, tasirin damuwar ya ɓace.

Binciken da ya fi girgiza ni shi ne na Erica Sloan da Steve Cole a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles, a 2010. Sun dasa dajin nono a jikin ɓeraye, suka tsare wasu kullum. Ƙarin da ke nono bai wani ƙara girma ba. Amma yaɗuwarsa zuwa huhu da kaluluwa ta ninka kusan sau 30. Da suka duba, sai suka ga noradrenalin ya jawo wasu manyan ƙwayoyin garkuwa, makrofej, cikin ƙarin, ya sauya musu aiki daga yaƙi zuwa gyaran rauni, su kuma suka buɗe wa dajin hanyar fita. A 2016 Sloan, ta koma Jami'ar Monash a Melbourne, ta nuna cewa damuwa tana faɗaɗa hanyoyin ruwan kaluluwa da ke kewaye da ƙari, ta ƙara musu gudu. Muhimmancin wannan a fili yake, domin yawancin waɗanda daji ke kashewa yaɗuwar ce ke kashe su. Ƙullin da ke nono ana iya cire shi da tiyata. Wanda ya isa hanta, ƙashi ko ƙwaƙwalwa shi ne ke gagara.

Tun 1889 Stephen Paget, likitan tiyata a Landan, ya duba bayanan gawarwakin mata 735 da sankarar mama ta kashe, ya ga dajin ba ko'ina yake sauka ba, yana zaɓen wasu gaɓoɓi. Sai ya kwatanta ƙwayar daji da iri, gaɓar da za ta sauka kuma da ƙasa. Manomi ba ya buƙatar a yi masa ƙarin bayani: iri yana faɗuwa ko'ina, amma inda aka yi sharar gona aka zuba taki nan yake tsirowa. Binciken baya-bayan nan yana nuna cewa sinadaran damuwa suna gyara ƙasar ne. A 2024 Xue-Yan He da Mikala Egeblad na cibiyar Cold Spring Harbor a jihar New York suka cire wa ɓeraye ƙarin nono, sannan suka saka su cikin damuwa. Yaɗuwa zuwa huhu ta ninka biyu zuwa huɗu. Dalili shi ne sinadarin da ke matsayin kotisol a jikin ɓera yana sa wasu fararen ƙwayoyin jini, niyutirofil, su amayar da zaren DNA ɗinsu ya zama raga mai danƙo. An halicci ragar ne don kama ƙwayoyin cuta, amma a huhu tana zama shimfiɗa ga ƙwayar daji. Da aka ba da sinadarin da ke narkar da ragar, yaɗuwar ta ragu. Har ɓerayen da ba su da daji an ga huhunsu ya sauya haka.

Akwai kuma batun dajin da ya yi barci. Mace za a yi mata aiki, ta sha kemo, a ce ta warke, bayan shekara biyar ko goma ciwon ya dawo a ƙashi. Wasu ƙwayoyi ne suka ɓuya suka kwanta shiru. A 2020 masu bincike a cibiyar Wistar ta Philadelphia suka nuna a jikin ɓeraye cewa noradrenalin yana sa niyutirofil su saki wasu furotin da ke farkar da waɗannan ƙwayoyi, suka kuma ga cewa cikin mutum 80 da aka yi wa aikin dajin huhu, waɗanda furotin ɗin ya yi yawa a jininsu sun fi saurin komawa ciwo.

Sauran shaidun sun zo ta ɓangarori daban-daban. A 2011 ɗakin binciken Robert Lefkowitz a Jami'ar Duke ya ga cewa idan aka daɗe ana motsa masaukin beta, furotin p53 da ke gadin DNA yana raguwa, ɓarna ta taru. A 2013 Claire Magnon da Paul Frenette a New York suka gano cewa jijiyoyin saƙo suna tsirowa har cikin dajin furostet, kuma mazan da ƙarinsu ya fi yawan jijiyoyi ciwonsu ya fi tsanani. A 2019 wata ƙungiya a Basel ta Suwizalan ta nuna cewa kunna masaukin kotisol yana taimaka wa dajin nono ya kafu a wasu gaɓoɓi, ya kuma rage ƙarfin kemo. A 2023 cibiyar Salk ta Kalifoniya ta ga cewa noradrenalin yana gajiyar da ƙwayoyin garkuwa da ake kira T, waɗanda sabbin magungunan garkuwa suka dogara da su.

Kada wannan ya sa a ɗauki kotisol a matsayin abokin gaba kawai. 'Yan'uwansa na kwalba, firednisolon da deksametason, suna kashe ƙwayoyin dajin jini da na kaluluwa, kuma suna cikin ginshiƙan maganin da ke warkar da yawancin yaran da ke da dajin jini a ƙasashen da magani ya wadata. Su ake bayarwa don hana aman kemo da sauke kumburin ƙwaƙwalwa. Sinadari ɗaya ne, yana kashe wani dajin yana kare wani.

Amma fa ɓera ba mutum ba ne. Tsare dabba a bututu ba shi ne takaba ba, ba shi ne bashi ba. Ɓerayen gwaji jininsu ɗaya, abincinsu ɗaya, dajin ma allurarsa aka yi musu. Elizabeth Repasky ta cibiyar Roswell Park a Buffalo ta nuna a 2013 cewa ɗakunan gwaji da ake ajiyewa a ma'aunin zafi 22 sanyi ne ga ɓera, yana sa shi cikin matsi dare da rana, kuma idan aka ɗaga zafin zuwa 30 ƙari yana rage saurin girma. Ashe har ɓerayen da ake cewa suna cikin kwanciyar hankali ba su samu ba. Wannan ya ƙarfafa hujjar cewa noradrenalin yana da tasiri, ya kuma nuna yadda sakamakon gwajin dabba ke saurin karkata.

A jikin mutane shaida akwai, sai dai ba ta kai ta dabbobi kaifi ba. Susan Lutgendorf ta Jami'ar Iowa ta auna ƙarin da aka ciro daga mata masu dajin gidan ƙwai, ta ga waɗanda ke fama da kaɗaici noradrenalin ya fi yawa a cikin ƙarinsu. A 2000 Sandra Sephton da David Spiegel a Stanford suka bi mata 104 da sankarar mamarsu ta bazu. Waɗanda kotisol ɗinsu ba ya hawa da sauka yadda ya kamata sun riga sauran rasuwa. A 2024 likitoci a Changsha ta ƙasar Sin suka bi mutum 227 masu dajin huhu da ke shan maganin garkuwa: masu damuwa ciwonsu ya ci gaba bayan kimanin wata 8, marasa ita bayan kimanin wata 15 da rabi. Lambobin suna da nauyi, amma duk suna fama da matsala guda. Daji kansa yana zuba sinadaran kumburi da ke isa ƙwaƙwalwa, su kashe walwala, su rikita kotisol. An daɗe da sanin cewa wasu masu dajin fankiriyas suna shiga ƙuncin rai tun kafin a gano ciwonsu. Saboda haka idan aka ga mai damuwa ya riga mutuwa, yana iya yiwuwa mugun daji ne ya kawo damuwar tun farko.

Hanyar warware irin wannan ita ce a rage damuwar da gangan a ga abin da zai biyo baya. A 1989 Spiegel ya ba duniya mamaki da rahoto a mujallar Lancet: cikin mata 86, waɗanda ke taruwa mako-mako suna tattauna halinsu da taimakon ƙwararre sun rayu kimanin wata 37, sauran kimanin 19. Labarin ya zaga duniya. Amma da Pamela Goodwin ta maimaita gwajin a Kanada da mata 235, rahotonta na 2001 bai ga ƙarin kwana ba; abin da ta gani shi ne raguwar ƙunci da raguwar zafin ciwo. Spiegel da kansa ya sake gwadawa, sakamakon 2007 bai tabbatar da na farko ba. Barbara Andersen a Ohio ta samu sakamako mai daɗi a 2008 da mata 227 da ciwonsu bai bazu ba. Idan aka haɗa duka, abin da za a iya faɗa da gaba gaɗi shi ne tallafin zuciya yana sauƙaƙa rayuwa, yana rage raɗaɗi, yana sa mutum ya jure magani har ƙarshe. Cewa yana tsawaita kwana ba a tabbatar ba.

A ganina wannan ya ishe mu mu daina abubuwa biyu. Na farko shi ne gaya wa mai jinya cewa ita ta jawo wa kanta da yawan tunani. Na biyu, wanda ya fi ɓoyuwa domin da kyakkyawar niyya ake yin sa, shi ne matsa mata da "ki daina sa abin a ranki, shi ke ƙara miki ciwo". Mai daji da ta yi kuka ba ta ciyar da ƙarinta ba. Idan aka ɗora mata nauyin yin fara'a dole, an ƙara mata sabuwar damuwa ce a kan ta da, an kuma rufe mata bakin faɗin abin da ke cin ta.

A ƙasashenmu maganar tana da wani nauyi na daban. Ƙididdigar hukumar binciken daji ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 2022 ta nuna kimanin mutum 128,000 sun kamu a Nijeriya a shekarar, kusan 80,000 sun rasu. Abubuwan da ke haifar da yawancin dajin da muke gani sanannu ne: ƙwayar HPV a dajin bakin mahaifa, wadda aka fara yi wa 'yan mata rigakafinta a ƙasar a Oktoban 2023; ciwon hanta nau'in B da gubar fumfuna a gyaɗa da masara a dajin hanta; tsargiya a dajin mafitsara; taba a dajin huhu. Duk wanda ya jingina ciwonsa ga tunani yana iya zama gida yana neman natsuwa alhali ƙullin yana girma, kuma zuwa asibiti a makare shi ne babban abin da ke kashe masu daji a nan. Damuwar da ta fi cancanta a yi magana a kanta ita ce wadda ke zuwa bayan an gano ciwon: sayar da gona don kuɗin kemo, tafiyar ɗaruruwan kilomita neman injin gashi, mijin da ya juya baya bayan an cire nono, raɗaɗin dare da babu maganinsa. Raɗaɗi da kansa yana ɗaga adrenalin. Waɗannan ba a zuciyar mai jinya suke ba, a hannun dangi da hukuma suke, kuma ko da ɓeraye ba su nuna komai ba ya wajaba a ɗauke su. Haka nan mai daji da ke shan deksametason don ƙiba, irin ƙwayoyin nan na sha-ka-fashe, ya kamata likitansa ya sani, domin yana ɗura wa jikinsa kotisol ne ta baki.

Saura batun magani. Tun kusan 2010 aka fara samun rahotanni daga Ingila, Ailan da Amurka cewa masu sankarar mama da ke shan maganin toshe masaukin beta saboda hawan jini sun fi daɗewa. Wasu manyan bincike da suka biyo baya ba su ga haka ba, kuma an gano kuskuren lissafi a wasu na farkon: kafin a ƙidaya mutum cikin masu shan maganin dole ya rayu har a rubuta masa shi, don haka waɗanda suka rasu da wuri duk suna faɗawa ɗaya ɓangaren. Ta gefen kotisol an ɗan ci gaba. A 2025 Lancet ta wallafa gwajin mata 381 masu dajin gidan ƙwai da ya bijire wa magani, inda aka haɗa kemo da relakorilan, maganin da ke toshe masaukin kotisol. Ciwon ya jinkirta kimanin wata 6 da rabi maimakon 5 da rabi. Tazarar ba ta da yawa, amma gwaji ne na ƙa'ida a jikin mutane, kuma ya nuna cewa hanyar kotisol hanya ce da za a iya tarewa.

Inda na fi sa rai shi ne kwanakin da ke kewaye da tiyata. A wannan ɗan lokaci komai yana haɗuwa: fargabar mai jinya, yankan wuƙa, zubar jini, sanyin ɗakin aiki, sinadaran kumburi, ga ƙwayoyin daji da taɓa ƙarin ke iya saki cikin jini a daidai lokacin da garkuwa ta yi ƙasa. Ben-Eliyahu ya ce a rufe wannan taga. A 2017 ƙungiyarsa ta ba mata 38 ko dai furofranolol da etodolak, maganin kumburi, ko ƙwayar da ba komai a cikinta, na kwana 11 farawa daga kwana biyar kafin aiki. Ƙarin da aka ciro daga waɗanda suka sha maganin ya nuna raguwar alamun shirin yaɗuwa. A Melbourne, gwajin mata 60 da aka ba furofranolol mako guda kafin aiki ya nuna kusan haka a 2020. Waɗannan alamu ne a cikin tsoka, ba su ne tsawon rai ba, kuma ba hujja ba ce ta mutum ya je kemis ya saya wa kansa: furofranolol yana iya shaƙe mai asma, ya sauke bugun zuciya fiye da kima, ya ɓoye alamun faɗuwar suga ga mai ciwon suga, kuma barinsa farat ɗaya haɗari ne.

Don a san ko yana hana dajin dawowa, sai an gwada shi a kan ɗaruruwa ko dubban marasa lafiya, a bi su shekara biyar ko fiye. Irin wannan gwaji yana cin kuɗi masu yawa, kuma yawanci kamfanonin magani ne ke biya idan suna da sabon abin sayarwa. Furofranolol ya haura shekara 60 a kasuwa, haƙƙin mallakarsa ya daɗe da ƙarewa, kowane kamfani yana iya yin sa da araha. Shi ya sa yawancin gwajin da ake yi a kansa ƙanana ne, jami'o'i da ƙungiyoyin agaji ke ɗaukar nauyinsu, suna tafiya a hankali. Ƙasashen da suka fi buƙatar amsar su ne waɗanda marasa lafiyarsu ba za su taɓa iya sayen sabbin magungunan garkuwa ba, kuma har yanzu ma'aikatun lafiyarsu ba su ne ke ɗaukar nauyin neman ta ba.